Kada Mu Tsawata Wa Yaro Mai Tambaya

'Yan'uwa cikin Almasihu, 'ya'yanmu suna dawowa hutu daga jami'a da tambayoyi masu nauyi. An koya musu cewa halitta duka ta faro kimanin shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, sai su ce, "To, wa ya halicci Allah?" Wasu dattawa kan ce su yi shiru, wai saɓo ne. Yaron da aka rufe wa baki a majami'a, a waje zai nemi amsa.

Mu sani cewa masanin da ya kawo wannan bayani a 1931, Georges Lemaitre, limamin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam. Kafin lokacin, masana da yawa sun ɗauka sararin samaniya ba shi da mafari. Kimiyya tana auna yadda abin ya gudana, Littafin Farawa kuwa yana nuna mana Wanda ya fara shi. Abin da yake da mafari shi ke bukatar mahalicci. Allah madawwami ne.

Mu 'yan kaɗan ne a garuruwanmu, rasa yaro ɗaya babbar hasara ce. Fastoci da malaman makarantar Lahadi, mu ƙara karatu, mu zauna da su. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.