A Duba Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Gidajen Mai

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo, daga Illo da Lolo har Tsamiya a bakin iyakarmu da Benin, ya san fetur yana cikin manyan hajojin wannan yanki. Shekaru da yawa mai ya fi araha a Nijeriya, saboda haka aka yi ta ƙetarewa da shi cikin jarkoki da durom-durom. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin mai. Duk wannan maganar kuɗi ce. Maganarmu ta yau kuwa ta ruwan sha ce.

Mutane sun san tsoron gobara. A watan Satumba na 2023 wuta ta kama wani rumbun mai a Seme-Krake, can kudancin Benin, mutum fiye da 30 suka halaka. Amma wuta ana ganinta a gudu. Tankin da aka binne a ƙasa fa, in tsatsa ta huda shi, wa zai gani? Man sai ya riƙa tsiyaya kaɗan kaɗan har ya tarad da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya kwanta a bisansa, ya bi shi duk inda ya gangara. A ƙasar fadama irin ta bakin Kwara ruwa ba shi da nisa, tafiyar man gajeruwa ce, rijiyar maƙwabci kuwa ita ce masauƙinsa na farko.

A cikin fetur akwai wata guba da masana ke kira benzin. Tana narkewa a ruwa, in an daɗe ana sha tana iya jawo sankarar jini, tafasa ruwa kuma ba abin dogara ba ne. Wanda ke ganin wannan tatsuniya ce ya tuna da ƙasar Ogoni. A 2011 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun tarar mutanen Nisisioken Ogale suna shan ruwan da gubar nan a cikinsa ta ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ga kuma mai santimita 8, wajen inci 3 ke nan, kwance bisa ruwan da ke ciyar da rijiyoyinsu. Wancan daga bututu ya fito, amma ƙasa ba ta bambanta man bututu da man tanki.

To, ina mafita? Ba wani abu mai wuya ba ne. Kowane gidan mai a haƙa masa 'yan ƙananan rijiyoyin gwaji, aƙalla uku: ɗaya ta gefen da ruwan ƙasa ke fitowa, biyu ta gefen da yake gangarawa. Bayan kowane wata uku a ɗebi ruwansu a kai ɗakin gwaji, musamman bayan damina lokacin da ruwa ke tasowa. In ta sama tsabtatacciya ce, na ƙasa kuwa da mai, an san inda laifi yake ba gardama. Mai gidan man kuma ya riƙa auna tankinsa da sanda kowace safiya, ya gwada da abin da ya sayar. In lissafi yana gibi kullum, kada a tsaya zargin yaron kanti, a duba ƙasa. Tankin da aka daina aiki da shi a kwashe shi ko a tone shi.

Ba da lasisi aikin hukumar NMDPRA ne, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Muna roƙonta ta tsananta wannan sharaɗi a garuruwan iyaka. Amma jami'inta ba ya kwana a Lolo. Ku akawunan ƙaramar hukuma, ku ne ke riƙe da takardun filaye. Kafin a ba da fili kusa da rijiyar gari, ko makaranta, ko masallaci, ku nuna wa na gaba da ku haɗarin a rubuce. Duba-gari ya buɗe littafin rijiyoyin da ke kewaye da kowane gidan mai da kowane wurin ajiye durom. Ku malaman makaranta, ku koya wa yara cewa ruwan da ke warin mai, ko mai ƙyalli kamar bakan gizo a kansa, ba a sha, sai a gaya wa mai unguwa nan take, shi kuma ya kai wa dagaci. Amma a sani, hanci ba ya maye gurbin gwaji.

Masu gidajen mai za su ce kuɗi. Gaskiya ne. Sai dai su gwada kuɗin rijiya uku da kuɗin shayar da unguwa guda da motar tanka shekara da shekaru, gama ruwan ƙasa in ya ɓaci gyaransa sai an sha wuya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa a ji.