Wa ya ce haya asara ce?

Duk ma'aikacin da ya kwana biyu a Abuja ya ji wannan huɗuba, ko daga kawunsa ko daga abokan aiki: "Haya asara ce, ko ɗaki ɗaya ne ka mallaki naka." An maimaita ta har ta zama kamar karatun sallah, ba mai tambayar hujja. Ni na tambaya, bayan na yi wata bakwai ina bin dillalai a rana da ruwa, kuma na gane cewa masu cin ribar wannan magana su ne masu neman kai da kayan da ya ƙi fita.

Wata Asabar cikin damina wani dillali ya kai ni can bayan Lugbe, bayan ya karɓi kuɗin gani tun ban ga komai ba. Gida ne mai ɗaki uku, ya sha sabon fenti yana ƙyalli. Da na tsuguna a bayan ɗakin girki sai na ga wani layi mai duhu a jikin bango, daidai gwiwata, ya zagaye gidan kaf, fenti ya kasa ɓoye shi. Ruwa ya taɓa kwana a nan. Na nuna masa, ya ce, "Yallaɓai, ai sau ɗaya ne a shekara." Na nemi takarda, ya zaro wata da hatimin mai unguwa da sa hannun shaidu uku, ya kuma raɗa mini cewa wani Alhaji zai kawo kafin alƙalami gobe da safe. Wannan Alhajin fa, a kowane gida na je sai na tarar zai zo gobe da safe.

Takardar nan ita ce gaɓar da masu huɗuba ba sa taɓawa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa a hannun gwamna take, a Abuja kuwa a hannun minista. Ko mai shaidar mallaka ta gwamnati, shekara 99 aka ba shi. Shi kuwa mai takardar mai unguwa, bulo da kwano kawai ya saya, ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba tasa ba ce. Waɗanda suka ga rusau na zamanin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, sun san yadda katafila ke karanta irin wannan takarda. Ɗan haya ranar rusau katifarsa yake ɗauka ya nemi wani wuri. Mai gida kuwa gumin shekara ashirin yake kallo yana zama ƙura.

To sai a ce ka matsa gaba, ka je Masaka ko Suleja inda kuɗinka zai kai. Araha ba ta ado. Wanda ya kwana a Masaka yana aiki a sakatariya, da asuba yake fita don ya riga cunkoson Mararaba da Nyanya, ya dawo yara sun yi barci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ya tsira daga hannun mai gidan haya gidan mai ne ke karɓewa, da ƙari. Ban san yadda aka yi wannan bai shiga lissafin asara ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: naira na narkewa, ƙasa ba ta narkewa. Dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, siminti ya bi ta a guje. Gaskiya ne wanda ya sayi fili mai takarda a wuri mai kyau ya tsira. Amma da wane kuɗi malamin makaranta zai shiga wannan sahu? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi da alkawarin rance a kan kashi 6, sai dai shi ma takarda mai inganci yake nema, wadda gidan bayan Lugbe ba shi da ita. Bankin kasuwa kuwa ruwansa ya fi ƙarfin mai albashi, ban da wanda addininsa ya hana shi kusantar ruwan tun farko.

Kasuwar ma ba don mu aka kafa ta ba. A watan Disamban 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati gidaje 753 a wuri guda a Lokogoma, bayan ƙarar da EFCC ta shigar. Da irin masu aljihun da ya gina waɗannan gidaje ake so ma'aikaci ya yi takara, idan ya kasa kuma a ce masa ba shi da zuciya.

Ranar da na sabunta hayata na shekara a Kubwa, kawuna ya kira ni ya ce, "Kai yaro, har yanzu kana gina wa wani gida?" Na ce, "Kawu, a yi mini addu'a, ina nan ina dubawa." Ban faɗa masa cewa kuɗin da na tara na zuba su a shagon ƙanena a Wuse ba. Dillalin nan kuwa ya sake kirana makon jiya, wai gidan yana nan, an rage miliyan biyu, amma in hanzarta, Alhaji zai zo gobe.