Wane gari za mu tura ɗalibinmu?

Ranar da sakamakon bak ya fito guɗa kan cika gida, washegari kuma lissafi ya biyo baya. Yawancinmu Yamai muke hange, domin shekaru da dama Jami'ar Abdou Moumouni ce kaɗai ta gwamnati. Amma tun 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka sami nasu, a 2014 kuma Agadas, Difa, Dosso da Tillaberi suka bi sahu.

Kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara. Abin da ke tsotse aljihun uba shi ne na kowane wata: hayar ɗaki, abinci, kuɗin kabu-kabu da kwafin darussa. Ɗakunan jami'a ba su isar kowa, bursi ma ba kowa ke samu ba. Yaron Mirriya da ya tafi Yamai, tafiyar kimanin kilomita 900 ke jiransa duk hutu. Wanda ya zauna Damagaram kuwa, hatsin gida na iske shi cikin yini guda.

Sai dai araha kaɗai ba hujja ba ce. Mu fara tabbatar da ana koyar da fannin da yaro ke so a garin. Sannan mu zauna da shi, mu lissafa kuɗin shekara guda, mu ninka har uku, tsawon karatun lisans. Idan gidan dangi zai sauka, mu riƙa aika gudummawar tukunya, kada zumunci ya zama nauyi. Garin da za mu iya ɗauka har ƙarshe shi ya dace, domin karatun da ya tsinke a shekara ta biyu ya fi kowanne tsada. Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai albarka.