Motar Aro a Kasuwar Mafara: Araha ce ko Cinikin Biri a Sama?

A Amurka da Ingila manyan dillalan motoci sukan ware wasu sababbin motoci domin ara wa abokan cinikinsu. Idan mutum ya kai tasa gyara, sai a miƙa masa makullin wata ya ci gaba da hidimominsa har a kammala aiki. Bayan 'yan watanni sai a sa motar a kasuwa da rangwame. Muhawarar da ake yi a can ita ce ko rangwamen ya isa a haƙura da yawan hannayen da suka riƙe sitiyarin. A Talata Mafara da Bakura da Maradun babu irin waɗannan kamfanoni, amma motar aro tana nan, kuma tambayar ta fi nauyi a nan.

Wadda aka fi cin karo da ita ita ce motar da ke hannun dillali tana jiran mai saye. Yau aboki ya are ta zuwa ɗaurin aure a Gusau, gobe ta shiga rakiyar amarya, lokacin zaɓe kuma ta bi ayarin kamfen ƙauye-ƙauye. Daga nan a wanke ta, a goge tayoyi, a ce da mai saye tun da ta sauka daga jirgi ba a hau ta ba. Akwai kuma motocin ofis da na siyasa waɗanda direbobi da dama suka yi karɓa-karɓa a kansu kafin a yi gwanjonsu. Yankin da ya fitar da gwamnoni uku, wato Ahmad Sani daga Bakura da Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara da Bello Matawalle daga Maradun, ba baƙon irin waɗannan motoci ba ne.

Ƙarancin tafiya ba shi ne ke sa motar aro ta zama abin saye a Turai ba, domin gajerun tafiye-tafiye da sanyin inji da direban da ya san ba tasa ba ce duk suna cin mota. Abin da ke kare mai saye shi ne rubutu. Kowane juyen baƙin mai yana cikin littafin kamfani, lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 tana buɗe tarihinta, sannan garantin masana'anta yana nan, ko da yake ya fara ƙirga tun ranar da dillalin ya fara amfani da motar. Idan aka ɗebe littafin da garantin, abin da ya rage mota ce da mutane da yawa suka mora ba tare da ɗayansu ya ɗauki nauyinta ba. Ita ce ake tallatawa a Mafara.

A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi amfani da kasuwar tsofaffin motoci wajen nuna cewa idan mai sayarwa ya fi mai saye sanin kaya, farashi yakan faɗi har masu kaya nagari su janye, a bar kasuwa da tarkace. Malaman Malikiyya sun riga shi hango matsalar ta fuskar hukunci. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan waɗannan garuruwa, ta hana algus da ɓoye aibi a ciniki. Wani hukuncinta game da aro ya fi haska wannan batu: wanda ya ari abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba ya biyan abin da ya same ta sai idan ya ƙetare iyaka. Idan aka yi ƙiyasin mota da dabbar hawa, mai aro ya fita, dillali kuma ya yi shiru. To, a wuyan wa lalacewar kulochi da garambawul ɗin da ke tafe za su rataya, in ba mai saye ba?

Sai dai adalci ne a faɗi cewa zaɓin da ke gaban malamin kwalejin Abdu Gusau ko manomin shinkafa a Bakolori ba tsakanin motar aro da sabuwa dal yake ba. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, farashin motocin shigowa ya yi tashin gwauron zabi. Ita kanta Beljiyam ɗin da ake tinƙaho da ita, da yawa daga cikinta an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci a Amurka, aka gyara fuska aka yi fenti. Motar da ta shekara tana yawo a Mafara, wadda an san makaniken da ke duba ta, an san wanda ya faɗa rami da ita, tana iya fin wadda tarihinta ke bayan teku. A ƙaramin gari bakin mutane yakan maye gurbin littafin kamfani, kuma gani ya kori ji.

Saboda haka illar ba a aron take ba, a sunan da ake laƙaba wa motar take. Kasuwa ta tanadi kalmomi: Beljiyam ga wadda aka shigo da ita, ta hannu ga wadda aka mora a gida, gwanjo ga wadda hukuma ta sallama. Motar da dillali ya ara ba ta da nata suna, kuma wannan giɓi na harshe riba ce gare shi, domin yana sayar da ta hannu a farashin Beljiyam. Masu nazarin Hausar kasuwa za su sami abin dubawa a nan, yadda rashin kalma ɗaya ke sauya farashi. Sayen motar aro dabara ce idan an kira ta da abin da take, an rage kuɗi daidai da hakan, an kuma sami shaidar da ba ya cin la'ada a cinikin. In ba haka ba, cinikin biri a sama ne.

Kuskure a nan ba asarar kuɗi kawai yake jawowa ba. Motar da ta mace bayan la'asar tsakanin Mafara da Maradun, a wannan zamani na 'yan bindiga, ta jefa rayukan da ke cikinta cikin haɗari. Ga kuma takardu: tun watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ba su daina ratsowa daga Kwatano ba, kuma wadda ba a biya mata kuɗin kwastan ba tana iya tsayawa a shinge ko da ta sauya hannu sau uku.

Fiƙihun da ya hana ɓoye aibi ya kuma ba da damar ciniki bisa sharaɗin zaɓi, inda Muhtasar Halil ya ƙaddara wa dabba kimanin kwana uku. Babu abin da zai hana mai saye rubuta wannan sharaɗi a takardar ciniki gaban shaidu biyu. Kwana uku sun isa a kai Gusau a dawo, a tantance takardun kwastan, a kuma bar makanike ya tayar da injin da sanyin asuba, kafin yaran dillali su riga shi ɗumama shi.