Kada ka ɗaura sabon batiri a kan tsoho

Madatsar Kainji tana ba da wuta tun 1968, ruwan tafkinta kuma har bakin Yelwa yake zuwa, amma mutumin Birnin Yauri ko Wara ya san ba da wutar NEPA wayarsa ke rayuwa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareta ya koma kwanciya, sola ta karɓi aikinsa. An fara da fanel biyu da batiri ɗaya don caji da fanka. Yanzu ana son firiza, ana son kallon ƙwallo har dare, sai kawai a ce a ƙaro batiri.

A ganina, yawancin masu yin haka kuɗinsu suke zubarwa.

Ka san yadda tsohuwar waya ke nuna 100% da safe, kafin azahar ta mutu? Haka batirin tubula yake bayan shekara biyu. Idan ka haɗa shi da sabo, ba ƙarfinsu ɗaya ba. In jere aka yi musu don su ba da 24V, tsohon zai riga cika ya riga ƙarewa, ɗaya na dahuwa da caji, ɗayan bai ƙoshi ba. In gefe da gefe aka haɗa su, sabon ne zai ɗauki yawancin nauyin. Kafin ka ankara ya tsufa. Haɗa na lithium da na ruwa kuwa ya fi muni, domin kowanne da irin cajin da yake so, inbata kuma saiti ɗaya take bi.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne batiri randa ce, ba rijiya ba. Mai 12V 200Ah yana riƙe kusan 2,400Wh, rabinsa kawai ya kamata ka sha in kana son ya daɗe. Ka duba allon inbatarka da la'asar. In batirin da kake da shi bai cika ba, matsalarka fanel ce, ko ƙurar hunturu da ba a goge ba. Ka ƙaro na biyu, duka biyun za su zauna rabi-rabi, kuma batirin ruwa da ba ya cika da wuri yake lalacewa.

Sai batun gobara, wanda ya fi damuna. Kayan 1,000W a kan tsarin 12V suna jan fiye da amp 80. Wannan ba aikin siririn kebul na ƙwan fitila ba ne, zafi zai yi har robarsa ta narke. Dole a sa fiyus ko birekar DC kusa da kan batirin, ɓangaren mai alamar +. Birekar wutar gida ba za ta maye gurbinta ba. Na sha shiga gidajen da aka kashe dubban ɗaruruwa a batiri, amma an bar wannan ɗan abin saboda wai tsada.

Wurin ajiya ma magana ce. A digiri 25 ake auna ƙarfin batirin ruwa, kuma duk ƙarin digiri goma yana iya cinye kusan rabin rayuwarsa. To a nan Yauri, Maris da Afrilu kan wuce 40, sannan a kulle shi a sito mai rufin kwano. Yana caji yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, don haka ba a ɗakin kwana ba, ba kusa da kaskon turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi ba.

Wanda ya san zai ƙara nan gaba, gara ya haƙura ya tara kuɗi ya fara da LiFePO4 mai 48V 100Ah, wajen 5kWh ke nan. Kayan 1,000W ɗin nan amp 21 kacal za su ja a kansa. Yana da BMS mai lura da kowane ƙwayar batiri, da yawansu kuma za ka ga lafiyarsu a wayarka ta Bluetooth. In za a ƙara, a kawo irinsa sak, kamfani ɗaya samfuri ɗaya, a daidaita cajinsu kafin a haɗa. Akwatin da aka harhaɗa da tsofaffin batiran laptop kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ya kwana a gidanku.