WA AKA TAMBAYA KAFIN A SAUYA NAIRA?

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata al'ada da ta zama jiki ga hukumomin ƙasar nan, watau a shiga ɗaki a rufe ƙofa, a yanke hukunci a kan rayuwar mutane fiye da miliyan 200, sa'an nan a kira 'yan jarida a karanta musu. Wannan shi suke kira tsara manufa. Mu kuwa a wurinmu ƙarfa-ƙarfa ce aka sa wa riga da hula. Wanda yake ganin mun yi zafi, to, ya biyo mu mu waiwayi abin da Babban Bankin Nijeriya ya yi wa jama'a da sunan sauya fasalin naira.

Ran 26 ga Oktoba 1922 ba mu ce ba, a'a, ran 26 ga Oktoba 2022 ne, a zamanin da ake cewa na dimokuraɗiyya, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbi za su fito ran 15 ga Disamba, tsofaffi kuma su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023. Hujjarsa ita ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba sa cikin bankuna. An ce za a karya lagon masu satar mutane, da masu buga jabu, da masu sayen ƙuri'a. Babu mai hankalin da zai ƙi waɗannan. Rigimarmu da su a kan hanyar da suka bi take.

Kwana biyu da sanarwar, Ministar Kuɗi, Zainab Ahmed, ta shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ba a shawarci ma'aikatarta ba. Jama'a, ku dubi wannan da kyau! In har ministar da ke riƙe da aljihun ƙasa ba a nemi ra'ayinta ba, ina ga mai sayar da shanu a Maigatari, ina ga mai awon hatsi a Dawanau, ina ga tsohuwar da ke tuyar ƙosai a ƙofar makarantarmu? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Da an tambaye su, da sun faɗa wa masu ilmin tattalin arziki abin da ba ya cikin littattafansu: cewa akwai ƙananan hukumomi da dama a Arewa da babu reshen banki ko ɗaya, cewa cinikin ƙauye hannu da hannu ne, kuma wanda ba shi da waya ba ya karɓar taransifa.

Ba a tambaya ba. Aka kwashe tsofaffin kuɗi, sababbin kuwa ba a buga masu isa ba. Zuwa watan Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasa duka sun koma ƙasa da tiriliyan ɗaya. Mun ga magidanta suna sammako tun kafin asuba suna bin layi domin su karɓi abin da bai kai cefanen kwana biyu ba, daga cikin guminsu na halal. Mun ga ɗalibai da kuɗi a asusu da yunwa a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: masu 'yar na'urar cirar kuɗi ta bakin hanya suka shiga sayar wa ɗan Nijeriya naira da naira. A Ibadan da Warri da Benin fushi ya kai ga far wa bankuna.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne ba wannan ne karo na farko ba. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba jama'a ƙasa da mako biyu. Iyayenmu sun ba mu labarin wahalar da aka sha. Shekara 38 bayan haka, mutumin yana kan mulki cikin farar hula, aka maimaita. Shin hukumominmu ba sa ajiye fayil ne, ko kuwa ajiyewa suke yi ba sa buɗewa?

Shawara dai an yi ta, amma ihu bayan hari. Sai ran 10 ga Fabrairu 2023, ranar da ƙarin wa'adin yake cika, Majalisar Magabata ta Ƙasa ta zauna ta ce a wadata jama'a da sababbin kuɗi ko a mai da tsofaffin. Kafin nan jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun kuma ta ba da umurnin a dakata tun ran 8 ga wata. Aka yi kunnen uwar shegu da umurnin. Ran 3 ga Maris kotun ta yanke hukunci cewa ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa ba kamar yadda sashe na 20 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya tanada, ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Babban Banki bai bi ba sai ran 13 ga Maris. Kwana goma cur hukumar da ke hukunta bankuna in sun saɓa wa takardarta tana jan ƙafa a gaban kotu mafi girma a ƙasa! A watan Nuwamba aka ɗage wa'adin baki ɗaya, kuma kafin 2023 ta ƙare kuɗin da ke yawo sun zarce na ranar da aka yi sanarwar. Satar mutane ba ta tsaya ba. To, me aka saya da wahalar talaka?

Ku ƙananan ma'aikata, kada ku ce wannan laifin manya ne kaɗai. Kowace takardar umurni ta bi ta teburin wani ƙaramin jami'i wanda ya san ba za ta yiwu a garinsu ba, amma ya sa hannu ya miƙa gaba domin kada ƙarin girma ya wuce shi. Gobe mu ne za mu zauna a kan waɗannan tebura.

Saboda haka muna neman Majalisar Tarayya ta ɗaure hukumomi da doka: duk ƙa'idar da za ta taɓa kasuwa da aljihun jama'a a buga daftarinta tun da wuri, a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunan ƙasa, a saurari masu ƙorafi, a kuma amsa musu a rubuce. Dokar 2007 ta ce a ba da sanarwar da ta dace, ba ta faɗi kwana nawa ba. Muna so a rubuta adadin watannin da lambobi.