KWANO, GADO DA BURSU: MAGANAR 'YAN JAMI'A MAGANARMU CE

Ya 'yan'uwa maza da mata na kwamitocin Maraɗi da Damagaram, na Tawa da Ƙwanni, na Tasawa da Madawa da Dogon Dutsi,

Wannan karo maganar ɗiyanmu da ke jami'a za mu yi. Mun san abin da ake faɗi a rumfunan kasuwa duk ran da rediyo ta ce 'yan jami'a sun ƙi shiga aji. Wani ya ce yaran nan ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wani ya ce gwamnati na ba su kuɗi, tana ba su abinci, me kuma suke nema? To, ku ba mu kunne kaɗan. Wanda bai kwana a ɗaki ba, bai san inda yake yoyo ba.

Mu fara da tuna baya. Ran da ƙasarmu ta samu mulkin kai a 1960, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Cikin yara ɗari da suka isa shiga lakwal, ko biyar ba su samu benci ba. Wanda ya yi nisa da karatu sai a kai shi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin nan da ya yi aiki a kan hasken rana, ya kuma rubuta littafi a kan ilimi a Afirka. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kowace jiha ta samu tata. Wannan abin farin ciki ne, ba mu musu. Ɗan Mirya ba dole ne ya yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai ba kafin ya ga ƙofar jami'a.

Amma gina aji daban, riƙon yaro daban. Ɗalibi na bukatar abu huɗu kafin ya buɗe littafi: wurin kwana, kwanon abinci, motar zuwa aji, da magani in ciwo ya kama shi. An kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki, wadda ke riƙe da ɗakunan kwana da gidan abinci da motocin ɗalibai da ɗakin magani. An kuma kafa hukumar ANAB mai biyan bursu, da kuɗin taimako ga waɗanda ba su samu bursu ba. A takarda kome ya cika. A ƙasa kuwa, masu cin jarrabawar bak sun yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara, gadaje ba su bi su ba. Ɗakin da aka gina domin mutum biyu sai a tarar da tabarmi shimfiɗe har bakin ƙofa. Bursu da aka ce za a biya duk wata uku sau da yawa ya makara, har watanni suka hau kan watanni.

Ku ɗauki misalin ɗan manomi daga wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Ubansa ya sai da wake da akuya biyu, ya sa shi a mota. Yaro ya isa birni, babu dangi, babu sani. Bai samu gado ba, sai ya raɓa da wani. Kuɗin hannunsa ya ƙare kafin wata ya mutu. Bursu shiru. Sai ya fara kabu-kabu da babur ɗin wani, ko dako a tasha, yana zuwa aji rana ɗaya yana fashin biyu. Ran jarrabawa ya faɗi. A gida sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali yunwa ce ta kā da shi. Ɗan babban ma'aikaci kuwa yana kwana gidan ubansa, yana cin tuwon uwarsa, ko bursu ya makara shekara bai ji a jikinsa ba. Kun ga ke nan, makarar bursu rariya ce: tana zubar da ɗan talaka, tana riƙe ɗan mai hali.

Na 'yan mata ya fi tsanani. Uba nawa ne a garuruwanmu zai yarda ɗiyarsa ta tafi birni, in ba a nuna masa ɗaki mai ƙofa da makulli da mai gadi ba? Yarinya ta ci bak da kyau, amma don babu masauki sai ta zauna gida. Gobe kuma mu ne za mu yi kukan babu likita mace a asibitin garinmu.

Wannan magana har jini ta zubar. Ran 9 ga Fabrairu 1990, a zamanin Janar Ali Saibu, ɗalibai suka fito daga jami'a za su ƙetare Gadar Kennedy su shiga gari. Suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya ya kawo, wanda zai rage kuɗin da ake kashe wa manyan makarantu da bursu. Aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Jinin nan na cikin abin da ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991. Ran 10 ga Afrilu 2017 kuma, ɗalibai suka sake fita a Yamai saboda halin zama da na karatu, ɗalibi guda ya rasa ransa, aka rufe wurin kwanan ɗalibai na wasu kwanaki. Shekara 27 tsakani, kuka ɗaya ne.

Amma gaskiya ba ta da ƙafa ɗaya. Za mu faɗa wa ɗiyanmu tasu. Ƙungiyar USN, wadda aka kafa tun 1960, ta yi wa ƙasar nan aiki, ba mai ƙwace mata wannan. Sai dai a 2018 malaman jami'ar Yamai sun ajiye alli na makonni, suna cewa wasu ɗalibai masu tsaron oda sun ci zarafin wani malami. Aka kori wasu shugabannin ɗalibai, rikici ya tashi, karatu ya tsaya. Wa ya ci riba? Ba kowa. Wanda ke neman a yi masa adalci bai kamata a gan shi da kulki ba. Ƙona taya a kan hanya ba ya ƙona ofishin minista. Mai tallan ƙosai da mai amalanke su ke shan hayaƙin. Kuma kowane yaji, na ɗalibai ne ko na malamai, yana ture kalanda. Digirin lisansi da tsarin LMD ya ce shekara uku ne, sai ya ja ya wuce haka, shekarar karatu ta hau kan 'yar'uwarta. Uban da ya yi lissafin damina uku sai ya ga ta huɗu, ga rumbu ya yi ƙasa.

To, me ya rage gare mu? Zama a ce Allah ya kyauta ba ya cika kwano. Ga abin da muke roƙon kowane kwamiti ya ɗauka a taronsa na gaba.

Na ɗaya. A rubuta sunayen ɗiyan gari da ke jami'a: wace jami'a, ina suke kwana, suna da bursu ko babu. Malamin lakwal na garin zai taimaka da alƙalami. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a tuna shi.

Na biyu. A lokacin kaka, a ware 'yan tiyoyin hatsi da wake daga masu hali, a aika wa ɗaliban garin da suka fi bukata. Direbobin tasha 'yan'uwanmu ne, ba za su ƙi ɗaukar buhu ɗaya ba.

Na uku. Ku mutanen Maraɗi, Tawa da Damagaram, jami'a ta zo ƙofar gidanku. Kakanninmu sun ciyar da almajirin da ba su san ubansa ba. Mai zaure ya ba da zaure. Mai gidan haya ya ji tsoron Allah, kada ya ninka kuɗi don ya ga baƙo. Mata kuwa su buɗe ido a kan 'yan matan da suka zo daga nesa.

Na huɗu. A nemi hukuma, da ladabi amma ba da sanyin murya ba, ta sa wa biyan bursu rana sananniya kamar ranar kasuwa, ta kuma cika ta. In kuɗi zai makara, a faɗa tun da wuri, a faɗi dalili. Jerin waɗanda aka ba gado a liƙa shi a bango kowa ya gani, a fara da na nesa da marasa hali da naƙasassu, don kada sani da ɗan wane su raba ɗakuna.

Na biyar. Duk inda za a buɗe sabon sashen karatu, a aza tubalin ɗakin kwana da na famfo tare da na aji. Wakilan ɗalibai kuma su zauna a ga lissafin gidan abinci da idonsu: buhu nawa ya shigo, kwano nawa ya fita.

Na shida. Uba ya kira ɗansa ya ce masa: nemi haƙƙinka da baki da takarda, ka girmama malaminka, ka bar sanda.

'Yan'uwa, likitan da zai duba matanmu, da malamin gona da zai gwada ƙasarmu, da alƙalin da zai raba mana gardamar gona, yau suna can suna layin abinci da tikiti a hannu. Kuɗin da ake kashe musu daga harajinmu ya fito, daga albasar Galmi da gyaɗa da dabbobin da muke kai kasuwa. Muna da bakin tambaya. A karanta wannan takarda a gaban jama'a, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma kowane kwamiti ya aiko mana da jerin ɗalibansa kafin fitowa ta gaba.

Haza wassalam.